Zanen azurfa a gilashin raksha

A daminar 2024, lokacin da yaƙi ya toshe hanyar Sinja, kayan gyara suka yi wuya a kasuwar Damazin. Gilashin rakshata ya fashe, sai na sa aka yanko mini fallen roba garai-garai, aka huda aka ɗaure da noti. Ƙanena ne ke tuƙa ta tsakanin Damazin da Rusairis.

Danƙon wata takarda ya manne a jikin robar, na tsoma tsumma a tinar masu fenti na goge shi tas. Bayan kwana biyu wasu siraran zane masu ƙyalli kamar azurfa suka fito a gefen notocin.

"Yaya, anya wannan ba tsagewa ba ce?"

Na ce masa ya bar tsoro. Gaskiyar magana, kuɗin sabuwa nake gudu. Bayan sati uku ya faɗa rami, robar ta tarwatse, wani ɓalli ya yanke shi ƙarƙashin ido. Ɗinki huɗu aka yi masa. Saura ƙiris.

Maƙwabcinmu, malamin kimiyya, shi ya ɗauki ɓallin ya ɗaga wa rana. Ya ce zanen nan tsaga ce da ba ta gama buɗewa ba: a cikinta kusan rabi fanko ne, sauran kuma zaruruwan roba ne da suka miƙe suna riƙe da gefe biyu, kowanne ya fi gashin kai siranta sau dubbai. Shi ya sa robar ke ci gaba da aiki har ranar da zaren zai tsinke. Madubin ƙara girma irin na makaranta ba ya ganin zaruruwan. A farkon shekarun 1980 Edward Kramer da Hugh Brown, a Jami'ar Cornell ta Amurka, suka auna kaurinsu da hasken eksire. Ba hoto suka ɗauka irin na ƙashi a asibiti ba. Sun harba siririn haske ta cikin zanen, suka karanta yadda ya ɗan karkace ya bazu. Tina kuwa tausasa robar take yi, zanen ya yi saurin buɗewa a inda noti ya matse.

Abin da ya fi ci mini rai, yaron ya gani, ya kuma faɗa. Girma na sa masa ya yi shiru. Yanzu ruwa da sabulu kaɗai ke taɓa gilashin, kuma duk safiya shi nake tambaya abin da ya gani kafin ya tayar da inji.