Robar Bakin Injin Wanki

Da yawa daga injinan wankin da ke gidajenmu na Zango tsofaffin Turai ne, masu ƙofa ta gaba. Allura ko ƙusa da aka mance a aljihu kan huje robar ƙofar, ruwa ya dinga tsiyaya kusa da wayar lantarki, inda yara ke yawo ba takalmi. Mu dai ba mu jira mai gyara ba. Muka zare filogi, muka cire zoben waya na waje, sannan na ciki, mai taurin kai. Wajen sa sabuwa, lalle ƙananan ramukanta su kalli ƙasa, don kada ruwa ya kwanta ya yi wari. Samun robar ne aiki: sai da lambar injin, domin kowanne da irin tasa.