Kiranshaf na katako a shagon kayan mota

Mu masu sayar da kayan mota a Tamanrasset, rayukan mutane ne ke ratsawa ta hannunmu. Daga nan zuwa In Gezzam kusan kilomita 400 ne, kafin a kai Assamaka a miƙi hanyar Arlit da Agadas. Motar da injinta ya kwanta a wannan sahara, ba asarar kaya kaɗai ake tsoro ba, har ƙishirwa. Shi ya sa da ɗana ya fara zaman shago, na ƙudurta sai ya san kiranshaf kafin ya san kuɗinsa.

Kiranshaf shi ne ƙarfen da ke karɓar bugun fistan na sama da ƙasa ya mai da shi juyi, juyin ya isa taya. Matsalar ita ce a cikin inji ba a ganinsa yana aiki, a waje kuma nauyinsa ya fi ƙarfin yaro ɗan shekara goma sha huɗu. Sai na ɗauki wani tsoho na injin 1HZ, na Land Cruiser da ya cika hanyoyin nan tun 1990, na kai wa wani kafinta mai injin juya itace, na ce ya fitar mini da irinsa na katako.

Ya dube shi ya ce, “Alhaji, wannan ba ƙafar kujera ba ce. Ita cibiya ɗaya gare ta, wannan huɗu.” Gaskiyarsa. Injin mai silinda shida ne a jere. Akwai wurare bakwai a kan layin tsakiya inda kiranshaf ke zaune, sai wurare shida da suka kauce gefe inda hannun fistan ke kamawa, biyu-biyu: na ɗaya da na shida, na biyu da na biyar, na uku da na huɗu, tsakaninsu digiri 120. Sai ya huda cibiya huɗu a kowane kan gungumen, yana sauke itacen yana sake ɗaurewa. In aka ɗaure a cibiyar gefe, itacen yana fizga kamar zai tsalle, dole a rage gudu a riƙa ci kaɗan-kaɗan, don inda ya sirance nan yake tsagewa.

Amfanin ya fito nan da nan. Yaron yana juya shi da hannu ɗaya, yana ganin dalilin da fistan biyu ke tashi tare. Na sa wa kowane wurin zama lamba, na koya masa aunawa a katakon kafin ƙarfe. A nan ya gane abin da ke kashe inji: in kiranshaf ya ci aka kai aka goge shi, ya ragu da milimita 0.25 ko 0.50, to mital ɗin da za a sa masa dole ya dace da wannan ragin. Ka ba direba na asali a kan gogagge, mai ya riƙa zurarewa, inji ya fara ƙwanƙwasa a inda babu inuwa. Yanzu kafin ya miƙa kwali sai ya tambaya, “Kawu, an taɓa goge shi? Sau nawa?” Wasu direbobin su yi dariya, wasu su koma wurin bakanike su tambayo.

’Yan’uwa ’yan kasuwa, da yawanmu mun bar Kano, Katsina ko Maraɗi da jari a aljihu, muna koya wa ’ya’yanmu lissafi da ciniki kawai. Ko atamfa kake sayarwa ko dabino ko kayan waya, nemi hanyar da yaro zai taɓa cikin abin da hannunsa, ya san yadda yake lalacewa. Kuɗin katako da ladan kafinta bai kai na janyo mota ɗaya daga daji ba. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya sa albarka a nema.