Ranar da na shiga ajin ƴan lise

Yau labarin kaina zan ba ku. Akwai kuskurena a ciki, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Maradi. Karatuna na lakwal bai yi nisa ba. A kolej na tsaya, ban taɓa zama ajin lise ba.

Kun tuna damanar 2024. Ruwa ya yi yawa, gidajen ƙasa suka yi ta faɗuwa. Mutane da dama suka koma kwana cikin azuzuwan lakwal. Saboda haka ba a koma karatu ba sai ƙarshen watan Oktoba.

Bayan an koma, wani mushen lise, abokin ƙanena, ya same ni gida. Ya ce: "Yaya, ɗalibaina suna son taimaka ma waɗanda ruwa ya yi ma ɓarna, amma ba su san ta inda za su kama ba. Kai ka san unguwanni, ka san mutane. Zo ka yi musu magana."

Gabana ya faɗi. Na ce: "Mi zan gaya ma ɗiyan da suka fi ni karatu?" Ya yi dariya, ya ce: "Kyauta ba a cikin littafin lissafi take ba." Sai na amsa.

Ranar Laraba na tafi. Ɗalibai 40 ne, maza da mata. Na tambaye su: "Wa ke taimakon talaka?" Wani ya ce gwamnati. Wata ta ce ƙungiyoyin Turawa masu fararen motoci. Wani ya ce Alhazan birni. Babu wanda ya ambaci gidansu ko ƙauyensu.

Sai na ɗauki alli na fara rubuta abin da muka gada.

Na rubuta zakka. Manomin da ruwan sama ya shayar da gonarsa, in hatsinsa ya kai nisabi, cikin dame 10 yana fidda dame 1. Wanda ya sha wahalar ban ruwa, cikin 20 yake fidda 1. Kuɗin da suka kai nisabi suka shekara a ajiye, cikin kowace jika 40 ana fidda jika 1. Ga kuma zakkar kono, mudun Annabi 4 a kan kowane mutum na gida, kafin a tafi idi. Na ce musu zakka haƙƙi ce, ba alfarma ba.

Na rubuta sadaka, wadda ba ta da iyaka ba ta da lokaci. Na rubuta gayya, inda samari ke taruwa su nome gonar wanda ba ya iyawa. Na rubuta habbanaye na Fulani: mai shanu ya ba wanda ya rasa aron saniya, ta haihu a hannunsa, ya riƙe maruƙa, ya maida uwar. Na gaya musu asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maradi ya fara, a 1991, kuma yau ana koyi da shi a ƙasashe da yawa. Ban da kuɗin rance, mata suna ajiye ɗan abin da za a agaza ma wadda ciwo ko rasuwa ta samu.

Ajin ya yi tsit. Na ga abin ya shige su. Raina ya yi daɗi, kaina ya ɗan kumbura. Nan ne na yi kuskure.

Na ce: "To, a cikinku wa ruwa ya rushe ma gida? Ya ɗaga hannu mu gani."

Babu wanda ya ɗaga. Amma ido ya koma kan wata yarinya a bencin baya. Ta sunkuyar da kai. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafin a tashi ta fice. Washegari ba ta zo lakwal ba. Kwana uku ba a gan ta ba.

Ɗan uwa, na zo koya ma yara alheri, na tona asirin ƴar mutane a gaban ƙawayenta. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ni da mushen muka nemi inda suke zaune. Rumfar zana ce a gidan wani danginsu. Na gaida uwarta, na ce: "Malama, ni ne mai laifi, na zo neman gafara." Ta ce: "Ba komi, Malam." Yarinyar kuwa ta dube ni ta ce: "Baba, rashin gida bai yi mini zafin kallon da aka yi mini ba."

Wannan magana ta fi duk abin da na rubuta da alli.

Da na koma ajin, sai na fara da faɗin laifina. Sa'an nan muka yi shawara, muka tsaida doka uku.

Ta fari: a tambaya kafin a ba. Ɗaliban sun so su sayi shinkafa su raba. Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Suka fita bibbiyu, suka yi sallama, suka zauna suka saurara. Wata tsohuwa ta ce sange take so, sauro ya hana jikokinta barci. Wani magidanci ya ce yana da ƙasa, hannun da zai kama mishi bugun tubali ne babu. Yara da yawa kayensu da littattafansu ruwa ya ci.

Ta biyu: a rubuta. Kowane ɗalibi yana kawo dala 20 a sati, wato tamma 100. Su 40 ne, a sati jika 4 ke nan. Cikin sati 8 suka tara jika 32. Mutum ɗaya ke riƙe kaye, wani dabam ke riƙe kuɗi. Ranar Juma'a a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, kowa na ji. Wanda bai da dala 20 ba a kiran sunansa. Ƙarfinsa zai bayar.

Ta uku: a rufa asiri. Ba a ɗaukar hoton kowa da salula. Ba a tara mutane a layi cikin rana. A kai abu gida, bayan magariba, kamar yadda iyayenmu ke aika tuwo maƙwabta a rufe da faifai. Wani yaro ya ce: "Malam, in ba hoto, wa zai san mun yi?" Na ce: "Kayenku ya sani, wanda aka ba ya sani, Allah ya sani."

Jika 32 ba ta gina gida. Sange da kaye da biro kaɗai ta saya. Amma Lahadi uku samarin suka yi gayya, suka kwaɓa ƙasa, suka buga tubali. Ƴan matan suka ɗebo ruwa.

Yarinyar ta dawo lakwal. Abin da ya ba ni mamaki, ita ce ta nemi a ba ta riƙon kaye. Ta ce ta fi kowa sanin wanda ke cikin matsi bai faɗa ba. Daga ranar ba a ƙara yi mata wancan kallo ba.

To, kai da ke karanta wannan da bakinka, wataƙila kana da ɗa ko ɗiya a kolej ko lise. Kada ka ce sun wuce ka. Ranar fidda zakka, kira shi ya ƙidaya damman tare da kai. Ranar zubi, ke kuma bari ɗiyarki ta ga yadda kike rubuta sunaye da hannunki. In za ku aika abu gidan mabuƙaci, ku aiki yaron, ku koya mishi ya yi sallama, ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu, ya dawo bai gaya ma kowa ba.

Ni sai da na sa ƴar mutane kuka kafin in gane haka. Allah ya sa ku ba sai kun bi ta nan ba.