Abincin Wani Gubar Wani

Kowace al'umma tana da abincin da in babu shi biki bai ci sunansa ba. Na mutanen arewacin ƙasar Sin shi ne jiyawzi, watau ɗan ƙunshi da a ke yi da kwaɓin alkama, a murza shi faifai-faifai kamar faɗin bakin kofin shayi, a sa haɗin nama ko ganye a tsakiya, a naɗe, a danne bakin, a jefa cikin tafasasshen ruwa. Ranar jajiberin Bikin Bazara, wato sabuwar shekararsu, wadda kan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, duk iyali kan taru a kan tebur ɗaya su yi ta naɗi har dare ya raba. Suna cewa siffarsa ta yi kama da curin azurfar da su ke ciniki da shi a da, saboda haka cinsa fatan arziki ne. Abin kuwa ya daɗe, don an tono busassun jiyawzi a kaburburan Astana kusa da Turfan, na zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907.

A shekarar 2024 ina karatu a Tiyanjin, sai wani abokin karatuna ya gayyace ni gidansu bikin. Su mutanen Tiyanjin suna da tasu al'ada, jiyawzin da su ke buɗe shekara da shi ba a sa masa nama, wai don shekarar ta zo da tsabta da kwanciyar hankali. Kakar abokin nawa ma ta wuce nan, mabiyar addinin Budda ce, ta shekara da shekaru ba ta cin nama, ba ƙwai, ba nono. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, domin kuwa duk wanda ya zauna a ƙasar Sin ya san wahalar da Musulmi ke sha wajen kauce wa naman alade da giyar da su ke ɗigawa a girki.

Amma akwai wata matsala a gidan. Yayar abokina tana da 'ya mai shekara bakwai, wadda likita ya tabbatar tana da cutar siliyak. Ga yadda ta ke, mai karatu. Cikin alkama da sha'ir akwai wani danƙo da a ke kira gulutin, shi ke sa kwaɓi ya miƙe kamar roba bai tsinke ba. Mai wannan cuta in ya ci shi, sai jikinsa ya juya ya yaƙi hanjinsa, abinci ya daina shiga jiki, yaro ya yi ta zawo yana ramewa. Wajen mutum ɗaya cikin ɗari ke da ita a duniya, kuma maganinta guda ne, barin alkama har abada. To bikin bara yarinyar nan an zuba mata shinkafa ita kaɗai a gefe, tana kallon kowa na cin jiyawzi. Uwar ta rantse bana ba za a sake ba.

Sai da muka zauna lissafi na ga girman aikin. Haɗin gargajiya na Tiyanjin ya ƙunshi tsiron wake da busasshiyar awara da laimar kwaɗi irin wadda a ke ci da riɗi, amma kuma har da shi gulutin ɗin kansa, wanda Sinawa ke wanke kwaɓi su fitar, su soya, ya zame wa marasa cin nama namansu. Abin da ya tsare wa kaka addininta shi ne gubar jikanyarta. Baƙin romon waken suya da su ke sa wa kowane girki, da alkama a ke haɗa shi. Baƙin ruwan tsamin da a ke tsoma jiyawzi ciki, shi ma yawanci da dusar alkama ko sha'ir. Duk waɗannan aka kawar, aka nemo romon da aka rubuta a kwalbarsa ba alkama, da farin ruwan tsami na shinkafa. Katakon murza kwaɓi da sandarsa ma sababbi aka saya, don tsofaffin gari ya shige cikin tsagunsu.

Saura fatar, kuma nan gizo ke saƙar. Uwar yarinya ta riga ta gwada garin shinkafa da ruwan sanyi, ya ƙi haɗuwa, da an lanƙwasa sai ya dare kamar busasshen yumɓu. Da ta nuna mini buhunan garin da ta tara, na ga ɗaya fari fat mai ƙara a tsakanin yatsu, na tambaya, aka ce sitacin rogo ne daga Tailan. Rogo! Ni da na fito daga ƙasar da ta fi kowace noma shi a duniya. Na tuna yadda iyayenmu mata ke sa garin rogo da kuka a ɗanwake don ya kama jikinsa, da yadda tuwo ba ya danƙo sai an fara talge. Na ce, "Yaya, a gwada da ruwan da ke tafasa." Ta ɗan yi shiru, sa'an nan ta ce ai haka mutanen Gwangdon a kudu ke yin fatar ƙunshinsu na jatan lande, mai sheƙi kamar gilashi. Ashe dabarar tana gida.

Muka auna garin shinkafa kofi biyu, sitacin rogo kofi ɗaya, gishiri kaɗan, man riɗi cokali biyu. Aka kwarara tafasasshen ruwa wajen kofi ɗaya da rabi, ana juyawa da sauri. Zafin ne ke dafa sitacin ya yi yauƙi, ya tsaya a madadin danƙon alkama. Sai a murza tun da ɗuminsa, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, don minti kaɗan a iska ya isa ya bushe. Ba ya murzuwa siriri kamar na alkama, ba ya kuma karɓar kyawawan naɗin nan da matan gidan ke alfahari da su. Ninki ɗaya, a danne, shi ke nan.

Kaka na zaune tana kallo, fuskarta ba yabo ba fallasa. Da ta ji ba za a jefa su a ruwa ba, turara su za a yi a madambacin gora bisa ganyen kabeji, sai ta ce jiyawzin da bai yi iyo a tukunya ba wane irin jiyawzi ne. A ganina tana da gaskiyarta, don ɗanɗanon ya bambanta, na alkama ya fi taushi, wannan kuwa yana ɗan jan haƙori. Duk da haka ta jawo kujera, ta wanke hannu har gwiwa saboda garin alkamar da ta taɓa da safe, ta kama naɗi, ta kuma koya wa yarinyar yadda a ke danne baki da babban yatsa.

Minti 10 su ka yi a wuta. Cikin 60 da muka naɗa, bakwai su ka fashe. Na buɗe baki zan faɗa, abokina ya taka mini ƙafa, don a daren nan ba a cewa jiyawzi ya fashe, sai dai a ce ya ci riba. Ƙarfe 12 na dare, da shigar 10 ga Fabrairu, aka ajiye faranti ɗaya a tsakiyar tebur, ba a ware wa kowa nasa ba. Yarinyar ta ci tara, ta nemi ƙari, uwarta ta hana ta saboda dare. Kaka ta ci huɗu, ta ce gishiri bai ji ba, ta ce kuma baɗi a ƙara rogon kaɗan ko bakin ya fi kamawa.