Daga Dogon Dutsi zuwa Tibiri: hanyar da ke tona cutar tsohuwar mota

Matafiyin da ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Yamai ya nufi gabas, in ya bar Doso da tazarar kilomita ɗari da ƴan kai, zai fara hangen jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai tun kafin ya ga rufin gida ko ɗaya. Nan ne Dogon Dutsi, babban garin ƙasar Arewa. Manyan motocin fasinja masu zuwa Ƙwanni da Maraɗi da Damagaram suna tsayawa ƴan mintoci ne su wuce. Amma a gefen tasha akwai wasu motocin da ba su da gaggawar zuwa ko'ina sai kasuwannin ƙauye: tsofaffin katkat, fenti ya koɗe, rufi ya lanƙwashe saboda buhunan wake da gyaɗa, wata ma da igiya ake ɗaure ƙofarta.

Kowace daga cikinsu tana da tarihi. Yawancinsu sun fara aiki ne a hannun wani poroje ko wata ma'aikatar gwamnati, suka yi shekaru suna yawon rijiyoyi da allurar rigakafi, sa'annan aka yi gwanjonsu, ɗan kasuwa ya saya, ko kuwa ma'aikacin da ke shirin ritaya ya zuba ɗan abin da ya tara. Akwai Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ko da yake ta yi ƙaranci, akwai Hilux, akwai kuma Land Cruiser samfurin 70, wadda kamfanin Toyota ya fito da ita a 1984. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, kayan gyara suka ninka kuɗi dare ɗaya, masu motoci suka koyi tsoron kalmar «canji». Rufe iyakar Najeriya daga 2019 zuwa 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yuli na 2023, sun sake tuna masu cewa ƙarfen da ke zuwa daga Sakkwato ko Kano ba kullum yake kusa ba. Saboda haka gane ainihin abin da ya lalace, kafin a sa hannu cikin aljihu, ya zama rabin jari.

Kukan da mai mota yakan kawo iri ɗaya ne kusan kullum: motar tana bugu daga ƙasa, kuma tana rawa. Makaniken da ya san aikinsa ba ya fara ɗaukar sufana. Tambaya yake yi: yaushe take bugun, a kan wace irin ƙasa, da kaya ko babu, kuma rawar a hannu ake jin ta ko a mazauni? In amsa ba ta gamsar da shi ba, sai ya shiga motar a tafi tare. Ƙasar Arewa kuwa kamar don wannan gwaji aka shimfiɗa ta, domin tsakanin Dogon Dutsi da ƙauyukan Tibiri mota za ta taka kwalta, ta taka burji, ta kuma shiga rairayi, kuma kowanne da irin cutar da yake tonawa.

Kwalta ce farko, kimanin kilomita 40 zuwa Kore Mai Ruwa. A nan ake raba gardama tsakanin inji da abin da ke ƙarƙashin mota. Direba ya kai gudun da rawar ke tashi, sa'annan ya fitar da giya ya bar motar tana gangarawa da kanta. In rawar ta mutu tare da saukar ƙarar inji, to a nemi cutar a inji ko a robobin da ke riƙe da shi. In kuwa ta ci gaba, injin ya kuɓuta daga zargi, saura taya da sandar nan mai kai ƙarfi zuwa ƙafafun baya, wadda ake ce ma kardan. Rawar da ke girgiza sitiyari tana nuna ƙafafun gaba: tayar da ta kumbura, gammon da ya lanƙwashe, ko ma busasshiyar laka da ta maƙale cikin gammon tun damina. Wadda ake ji a mazauni da tafin ƙafa daga baya take zuwa. Akwai kuma bambancin sauri. Kardan tana juyi kamar sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka rawarta ƙanana ce masu sauri, kamar gurnani, alhali ta taya jijjiga ce da mutum zai iya ƙirgawa.

Sai kuma gwajin da ba ya buƙatar gudu ko kaɗan. A tsaya, a sa giyar gaba a ɗan motsa, a sa ta baya a ɗan motsa. In duk lokacin da aka canza an ji «ƙwas» sau ɗaya daga tsakiyar ciki, to wani abu ya yi sako-sako a hanyar da ƙarfi ke bi, ko kurwaziyo, ko haƙoran pon.

A Kore Mai Ruwa ake sauka daga babbar hanya a nufi kudu, wajen Tibiri. Ba Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba. Wannan ta Arewa ce, wadda aka cire daga Dogon Dutsi a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Kore Mai Ruwa da Dumega da Gesheme. Hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan yankin yawancinsu na burji ne, kuma burji, in motoci suka daɗe suna bin sa da rani, yakan yi gargada, kunya-kunya kamar kwanon rufi. Direbobi sun san cewa in aka ƙara wuta motar kan yi kamar tana shawagi a kan kunyoyin, jiki ya huta. Ƙarfe dai ba ya hutawa. A nan ne bugun da bai ce uffan ba a kan kwalta yake fitowa fili: robar amortisa da ta cinye, ƙusar da ke riƙe da kan lam, notin da ya kwance, ganyen lam guda da ya tsage yana ɓoye tsakanin ƴan uwansa. Alamarsa ita ce yana bin ramuka, ba ya bin gudu, ba ya kuma bin inji. In an tsaya, makanike yakan taɓa kowace amortisa da bayan hannu. Wadda ke aiki za a same ta da ɗumi, wadda ta mutu kuwa sanyi ƙalau.

Daga nan ƙasa takan yi laushi. An shiga Dallol Mawri ke nan, tsohon kwarin kogin da ya ƙafe tun zamani mai nisa, wanda ya miƙe daga arewa har ya kai kogin Kwara a wajen Gaya. Ruwa yana kusa da sama a cikinsa, shi ya sa ake ganin lambunan rake da rogo da mangwaro a inda ido ke tsammanin ƙaya. Amma hanyar zuwa lambunan rairayi ce, dole a sa ƙafa huɗu su ja. Sai a lokacin kardan ta gaba da gaɓoɓin da ke cikin ƙafafun gaba suke ɗaukar nauyi. In aka karya kan mota sosai aka ji «ƙas-ƙas-ƙas» a jere, gaɓar gaba ce ta cinye. Da yawa daga cikin waɗannan gaɓoɓi mantuwa ce ta kashe su: direba ya fito daga rairayi ya hau kwalta bai cire ƙafa huɗu ba, gaba da baya suka yi ta ja-in-ja har haƙora suka gaji.

Mai son ƙasa ta huɗu sai ya koma can wajen Lugu, garin Sarauniya, wadda ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a watan Afirilu na 1899. Tudun duwatsu ne da kwazazzabai, inda mota ke murɗewa, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, duk wata tsaga da ke jikin shasi ta yi kuka.

Bayan kunne sai hannu. A ƙarƙashin inuwar bedi ake ɗaga motar, a tokare ta da kututture, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne a kan yashi. A kama taya sama da ƙasa a jijjiga: in ta yi lilo, rulman ne ko mazaunin ƙafar gaba. A kama ta hagu da dama: in ta yi lilo, a duba sandunan sitiyari. Sa'annan a kwanta a kama kardan da hannu biyu a murɗa. Kurwaziyo ɗan ƙarfe ne mai siffar gicciye, a kowane kai nasa akwai kofi cike da ƙananan allurai masu iyo cikin giris. Ƙura ta shiga, ruwan damina ya shiga, giris ya bushe, allurai su zama gari. Jan garin tsatsa a bakin kofin shi ne shaidar da ba ta ƙarya. In har yanzu ana kokwanto, akwai dabarar da katkat kaɗai ke yarda da ita: a kwance kardan ta baya gaba ɗaya, a sa ƙafa huɗu, a ɗan zagaya a hankali da ƙafafun gaba. In rawar ta ɓace, an kama ɓarawo.

A nan ne ciniki ke farawa, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Mai mota yana da kayan mutane da zai kai kasuwa gobe, sai ya roƙi a cika giris a lallaɓa zuwa mako mai zuwa. Giris yana rufe bakin bugun na kwana biyu, ba ya mayar da allurar da ta niƙe. Kurwaziyo yana cikin mafi arhar ƙarafan mota, amma in na kan kardan ta baya, wanda ke kusa da akwatin giya, ya tsinke ana cikin gudu, sandar kan faɗi ta caki ƙasa, ta iya ɗaga bayan motar ta kifar da ita, ga fasinja goma sha a kan buhuna. Kuskure na biyu na makanike ne mai gaggawa. Kardan gaɓa biyu ce, ɗaya na zamewa cikin ɗaya, kuma dole bakunan nan biyu su dawo a saitin da suka fito da shi. Wanda ya zare ta bai yi alama ba, ya mayar da ita da kuskuren haƙori ɗaya, zai sallami mota da sabon kurwaziyo da rawar da ta fi ta da. Shi ya sa tsofaffin makanikai, kafin su taɓa noti, sukan aiki yaro ya kawo alli ko guntun ƙusa, su ja layi ɗaya a kan gaɓoɓin biyu.

Kafin la'asar an ɗaure, an bi duk bakunan giris da famfo. Gwajin ƙarshe a kan hanyar komawa ake yin sa, rairayi, burji, sa'annan kwalta daga Kore Mai Ruwa, makanike a gaba kusa da direba, gilashi a sauke, rediyo a kashe, har jajayen duwatsun Dogon Dutsi su sake bayyana.