Ranar Da Muka Kai Motar Abokinmu Nurburgring

Wannan makon daga ƙasar Jamus muke rubuto muku, inda muke shekara ta biyu a karatun injiniyan injuna. Za mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi ranar wata Asabar, mu huɗu: biyu 'yan gida, ɗaya daga Kano ɗaya daga Maraɗi, sai wani ɗan Turkiyya, sai abokin ajinmu Bajamushe, wanda shi ne mai motar da ta jawo tafiyar.

Motar tsohuwar Mazda MX-5 ce, ƙaramar motar wasa mai kujera biyu, wadda aka fara fitar da irinta a 1989. Nauyinta bai wuce kusan tan ɗaya ba, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Abokin namu ya yi watanni yana aiki a wani kanti bayan an tashi daga aji, ya tara kuɗi, ya zuba su kaf a ƙafar motar. Da ma abin da makanikanmu ke kira ƙafar mota shi ne duk kayan da ke tsakanin taya da gangar jikin mota: sifirin, shokazoba, bushin da ƙarafan da ke riƙe su. Ya cire na kamfani ya sa irin wanda ake kira koyiloba, wato shokazoba da sifirin a haɗe, mai zare a jiki kamar na noti, wanda za ka iya murɗawa ka ɗaga mota ko ka sauke ta. A kansa kuma akwai ɗan maɓallin da ke ƙara masa tauri ko ya rage.

A daren Juma'a muka taru a wajen ajiye motoci na masaukin ɗalibai, muka ɗaga motar da jak. Shawararmu ɗaya ce, kuma duk mun yarda da ita: motar tsere a ƙasa take, kuma tauri ne da ita. Saboda haka muka sauke ta har sai da yatsa ɗaya ya daina shiga tsakanin taya da bodi, muka murɗe maɓallan nan huɗu zuwa ƙarshen tauri. Muka ja baya muna kallonta muna yaba wa kanmu.

Da safe muka kama hanya, biyu a cikin Mazda, biyu a motar haya. Muka wuce Bonn, birnin da yawancinku kun sha jin sunansa a rediyo domin daga nan Sashen Hausa na DW ke watsa shirye-shiryensa. Daga nan tafiyar ba ta wuce awa ɗaya ba. Hanya ta bi da mu ta kwarin kogin Ahr, inda gonakin inabi ke manne a jikin tsaunuka. A wannan kwarin ne ambaliyar watan Yuli na 2021 ta halaka mutum fiye da 130, kuma har yanzu za ka ga gadoji da gidajen da ake sake ginawa. Bayan mun wuce garin Adenau sai muka fara jin kukan injuna daga cikin daji tun ba mu ga komai ba.

Nurburgring filin tseren motoci ne a tsaunukan Eifel, a yammacin Jamus. An fara gina shi a 1925, aka buɗe a 1927, kuma ɗaya daga cikin dalilan gina shi shi ne samar wa mutanen yankin aikin yi, don a lokacin yanki ne na talauci. Sunansa ya samo asali daga ƙauyen Nurburg da tsohuwar fadar dutse da ke kan tudu a cikin da'irar. Ɓangaren da ya yi suna shi ne Nordschleife, wato Da'irar Arewa, mai tsawon kilomita 20.8. Kwanoninta sun haura saba'in, kuma tsakanin wurin da ya fi tudu da wanda ya fi gangare akwai kusan mita 300. Tsawon nan ya sa za a iya yin ruwa a wani gefe alhali wani gefen a bushe yake.

Direban nan ɗan Sikotland, Jackie Stewart, wanda ya ci tsere a nan cikin hazo da ruwan sama a 1968, shi ya laƙaba wa wurin sunan koriyar jahannama. A 1976 Niki Lauda ɗan Ostiriya ya yi mummunan haɗari a nan, motarsa ta kama da wuta, ya ƙone a fuska da kai. Daga wannan shekarar gasar Formula 1 ba ta sake bin tsohuwar da'irar ba, sai aka gina sabon fili a gefenta aka buɗe a 1984. Zagaye mafi sauri da aka taɓa yi a da'irar shi ne na Timo Bernhard a 2018, cikin wata Porsche ta musamman: minti 5 da daƙiƙa 19 da 'yan kai.

Abin da ya kawo mu shi ne, a wasu ranaku ana buɗe da'irar ga kowa. In kana da lasin da motar da doka ta yarda ta hau titi, sai ka sayi tikiti ka shiga. Dokokin hanya ne ke aiki: ta hagu kawai ake wuce mota, ba a tsayawa, kuma an hana auna lokaci. Wanda ya daki shingen ƙarfen gefen hanya shi zai biya kuɗin gyara, har da na motar da za ta janye shi. Kamfanonin motoci da masu ƙera shokazoba kuwa suna da garejinsu na gwaji a kusa, domin titin yana da tudu, gangare, gargada da faci, ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar sababbin filaye. Ƙafar da ta jure wannan titi za ta jure yawancin titunan duniya.

Abokinmu ya sayi tikitin zagaye biyu. Kujerar fasinja ɗaya ce, sai aka yi ƙuri'a ta faɗo kan mai wannan rubutu. Sauran biyun suka tafi Brunnchen, wata kwana da 'yan kallo ke taruwa da kujeru da kyamarori, inda aka cika kwaltar da rubuce-rubucen fenti.

Tun a kwanonin farko muka san akwai matsala. Duk ɗan tudun da muka taka sai motar ta yi tsalle kamar akuya, haƙoranmu na haɗuwa. Sitiyari ya yi nauyi, ya yi sakayau, ya sake yin nauyi. Manyan motoci na ta wuce mu ta hagu, mu muna maƙale a dama. Haka muka gangara, muka wuce kusa da inda Lauda ya yi haɗari, muka fara hawan tudu mai tsawo zuwa Karussell.

Karussell kwana ce mai juyowa kamar bakin kwano. Gefenta na ciki a karkace yake, an shimfiɗa shi da falankan kankare masu gaɓa-gaɓa. Muna faɗawa ciki sai cikin motar ya daki ƙasa, ƙara ta cika mana kunne. Motar ta shiga tsalle a kan gaɓoɓin nan, kafin mu kai ƙarshen kwanar ta tofar da mu waje, bayanta ya zame ya nufi shinge. Salati kawai ɗayanmu ke yi, ɗayan kuma ya kafe hannu a sitiyari. Allah ya taƙaita, tayoyin suka sake kama kwalta, saura ƙiris. Muka kunna sigina ta dama, muka ƙarasa sauran kilomitocin a hankali, ba mai cewa uffan. Abokanmu na Brunnchen sun ce da suka ga yadda muka wuce sun ɗauka inji ne ya lalace.

Da muka fito muka nemi wani ƙaramin gareji a wani ƙauye da ke kusa. Mai garejin dattijo ne mai farin gashi. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya danna gabanta da hannu biyu, ba ta motsa ba.

"Samari, wa ya yi muku wannan aiki?"

Muka ce mu ne, kuma injiniyanci muke karantawa. Ya yi murmushi ya ce mu ɗaga ta.

Ya buɗe tafin hannunsa ya ce, iyakar abin da kowace taya ke taɓawa a ƙasa ke nan. Tafi huɗu ne ke ɗauke da mota, da su take tashi, da su take taka birki, da su take shan kwana. Aikin ƙafar mota shi ne ta tabbatar tafin nan huɗu ba su rabu da kwalta ba. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, yana lanƙwashewa in an taka tudu. Amma sifirin shi kaɗai ba ya daina lilo, shi ya sa ake haɗa shi da shokazoba. A cikin shokazoba mai ne, da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk motsin da taya ta yi sai an tura man ta ƙofofin nan, wannan turjiyar ce ke kashe lilon, ƙarfinsa ya koma zafi. Maɓallin da muka murɗe ƙofofin yake tsukewa. Da muka kai shi ƙarshe, taya ta kasa bin gargadar titi da sauri, sai motar gaba ɗaya ta riƙa tsalle, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe komai.

Muka ce, "To Baba, ai sauke mota yana rage mata jirkicewa a kwana."

Ya ce gaskiya ne. In tsakiyar nauyin mota ta yi ƙasa, nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana yana raguwa, tayoyin huɗu su raba aiki daidai-daidai. Amma ya haska mana fitila ya nuna mana wata 'yar roba a jikin sandar shokazoba, ta dagargaje. Robar nan ita ce iyakar tafiyar ƙafa. Mun sauke motar har ta kusan zama a kanta, don haka ba wurin da sifirin zai lanƙwashe. A Karussell, ya ce, kusan kamar ba mu da sifirin ne.

Daga nan ya nuna mana sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, wadda makanikai ke kira sitabilaiza. Ita ke hana mota kwantawa gefe. In ta gaba ta yi tauri da yawa, mota takan ƙi juyawa, ka murɗa sitiyari tana zarcewa. In ta baya ce ta yi tauri, baya ne ke zamewa. Ya ƙara da cewa duk lokacin da aka ɗaga mota ko aka sauke ta, tsayuwar tayoyi na canjawa, dole a sake yin alaimen. Mu ba mu yi ba.

Sai ya nemi takardun motar. A Jamus ba ka canja ƙafar mota ka hau titi haka kawai. Kayan na zuwa da takardar da ta faɗi iyakar saukewar da aka yarda, kuma masu binciken lafiyar motoci, irin su TÜV, su ke dubawa. Abokinmu ya bi wannan ƙa'ida makonni kafin tafiyar, amma aikinmu na daren Juma'a ya fitar da motar daga iyakar. Dattijon ya ce da mun daki shingen, ban da kuɗin gyara, da mun sha tambayoyin da ba mu da amsarsu. Fuskar abokinmu ta yi ja.

Ya ɗauki awo ya mayar da motar tsayin da ke cikin takarda, ya dawo da maɓallan tsakiya, ya daidaita iskar tayoyi. Mun ɗauka an gama, har mun fara zancen zagaye na biyu, sai ya durƙusa ya goge gefen taya da babban yatsa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Misali, 3515 na nufin mako na 35 na shekarar 2015. Tayoyin abokinmu sun doshi shekara goma. Zanensu bai cinye ba, amma robar ta bushe ta yi tauri, har ta fara tsattsagewa.

Ya ce, "Ɗana, ka sayi kayan tsada ka ɗora su a kan wannan? Taya ake farawa da ita, sai birki, sai bushin, sai alaimen. Shokazoba daga baya yake zuwa. Ni dai yau ba zan ce ku koma ba."

Ba mu koma ba. Muka sami wuri a gefen daji, masu salla suka yi salla, muka ci burodi da cuku, sannan muka hau tudun tsohuwar fadar Nurburg. Daga saman hasumiyarta dajin kawai kake gani, kore shar, da gutsattsarin kwalta nan da can, da kukan injuna na zagaye ka.

A hanyar komawa, cikin kwanonin kwarin Ahr, da gudun da doka ta yarda, muka ji bambancin. Motar da ta yi ta dukan mu da safe yanzu tana bin titi lafiya lau, sitiyari na amsawa. Ɗan uwanmu na Maraɗi ya tuna mana da samarin da ke wasan mota a bukukuwan aure a garuruwanmu, da tsofaffin tayoyi, cikin mutane, ba shinge ba motar asibiti. Mu da muke da shinge da fili mai hanya ɗaya ma da ƙyar muka sha.

Abin da dattijon nan ya koya mana yana cikin littafinku na fiziks: dokar Hooke a kan sifirin, gogayya, tsakiyar nauyi, da yadda lilo ke mutuwa. Mun ci jarrabawa a kansu, amma ba mu tuna da ko ɗaya ba ranar da muke riƙe da sifana. In kun koma gida yau, ku nemi izinin Baba ko Yaya, ku duba lambobi huɗun nan a tayar mota ko babur ɗin gidanku, ku lissafa shekarunta, ku faɗa musu abin da kuka gani.

Mazda tana ajiye a masauki, an rufe ta da tamfol. Abokinmu ya koma aikin kanti yana tara kuɗin taya huɗu, tikitin zagaye na biyu kuma yana nan a hannunsa. Mun yi alkawarin ba wanda zai sake taɓa maɓallan nan sai da awo da littafin rubutu, kuma abu ɗaya za mu riƙa canjawa a lokaci ɗaya. In Allah ya kai mu bazara, za ku ji yadda muka ƙare da Karussell.