Injiniyan Gidan Magina

Har gobe in na bi ta inda ake kwaɓa ƙasa, ko da ta yaɓen katangar maƙabarta ce, sai na rage tafiya. Akwai wani ƙanshi da jar ƙasa take yi idan ta kwana uku da ruwa da ciyawa da kashin doki, wanda baƙo zai kira wari ya toshe hanci. Ni a cikinsa na buɗe ido. Gidanmu a gindin Dala yake, gidan magina ne tun kaka da kakanni. Da an gama girbi, iskar hunturu ta fara tsaga leɓe, sai jakuna su fara shigowa lungunmu da mangaloli, mai kora yana biye da su yana yi musu faɗa kamar masu jin magana.

Mu yara aikinmu taka ƙasa, kuma ba mu taɓa sanin aiki ba ne. Manya su cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera shi a rana kamar almajirai sun zauna karatu. Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, yakan hau katanga ya zauna kamar mahayin doki, ana cilla masa tubali daga ƙasa yana cafewa bai ko duba ba. Awonsa taku ne da kamu da gaba. Kafin a fara aiki yakan danƙi ƙasar ya matse a tafin hannu, ya buɗe, ya ɗan yi shiru. Magana biyu ce kawai take fitowa: ko ya ce da saura, ko ya ce ta nuna. Babu mai ɗaukaka ƙara.

A bayan gidanmu akwai kududdufi. Daga cikinsa aka haƙo ƙasar da ta gina rabin unguwar, kuma da damina duk ruwan da indararo ya zubo cikinsa yake komawa. A nan muka koyi iyo, a nan muka sha bulala saboda iyon, da dare kuma kwaɗi su hana kowa barci. Sai da na yi furfura na gane cewa wannan ramin da muke rainawa shi ne magudanar unguwa.

A 1975, shekarar da Janar Murtala ya hau mulki, na samu gurbi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, sashen injiniyan gine-gine da hanyoyi. Na je yi wa Baba Tsoho sallama a zaure, akwatina na ƙarfe cike da ƙuli-ƙuli da dakuwa.

“Abokina, me aka ce za ka karanto?”

“Gini, Baba. Da hanya, da gada.”

Ya dube ni, ya dubi rufin zauren. “Gini za ka je Kaduna koyo? To mu nan wanki muke yi?”

Aka yi dariya, ya sa mini albarka, ya danƙa mini naira ɗaya, sabuwar kuɗi a lokacin, don shekararta biyu da korar fam da sule.

Abin da na fi tunawa da Tudun Wada, inda kwalejin take, shi ne ɗakin zane. Allo a karkace, doguwar rula mai kai, fensir da ake feƙewa har ya yi tsinin allura, da tawadar da in ta ɗiga a kan zayyanar da ka yi mako kana yi, sai dai ka yi salati ka sake sabuwa. Ɗakin da ake buga taswira kuwa warin sinadarinsa yana sa hawaye. Lissafi da rula mai zamiya muke yi, wadda muke sokewa a aljihun gaba don ’yammatan gari su san da wa suke magana. Ba su taɓa tambaya ba. Mun kuma faɗo a tsakiyar canji, ƙasa tana barin ƙafa da inci tana komawa mita, littattafanmu rabi da wannan rabi da wancan, har ta kai mutum ya zana ƙofar da ko akuya sai ta sunkuya.

Ranar awon ƙasa mu fita da sarƙa da sanda mai lamba da madubin safiyo a kan ƙafafunsa uku, mu yini a rana. Ka’ida ita ce in ka zagayo ka dawo inda ka fara, lissafin tudu da gangare ya koma daidai. Namu ba ya komawa. Sai mu zauna gindin mangwaro mu dafa lambobin har su nuna. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, yakan duba takardar ya ce awon ya yi kyau fiye da yadda ɗan Adam yake iyawa, gobe a koma.

Zamanin siminti ne. A 1975 ɗin ce ma jiragen ruwa ɗaruruwa suka cushe tashar Legas da lodinsa. Aka koya mana kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a zuba a ɗan akwatin ƙarfe, a tsoma curin a ruwa kwana 28, sannan a sa shi a injin da zai matse shi har ya fashe, a rubuta nauyin da ya ɗauka. Na so wannan aiki ƙwarai. A gidanmu ana cewa katanga za ta tsaya in Allah ya so. A nan kuma ga lamba a takarda.

Sai darasin ƙasa ya zo. Aka ba mu gwangwanin ƙarfe da guduma mai kilo biyu da rabi, mu zuba ƙasa hawa uku muna dakawa, mu auna, mu gasa ta kwana guda, mu sake aunawa, mu ƙara ruwa mu maimaita. Duk don a gano ruwan da ƙasa take so kafin ta danƙaru: in ya yi kaɗan ta ƙi haɗuwa, in ya yi yawa ta yi laushi. Kwana biyu muka yi kafin mu samo amsar. Ina tsaye da gudumar a hannu na tuna tafin hannun wani tsoho, amma na yi maza na kori tunanin. Bayan haka aka kai mu Tiga, madatsar da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako. Na zaci dutsen kankare zan gani. Ashe tudun ƙasa ne mai tsawon kusan kilomita 6, an shimfiɗa ta hawa-hawa an danne da manyan motoci, ga ruwa iya ganinka a bayanta. Da na ba Baba Tsoho labari sai ya gyaɗa kai ya ce, “Ashe ku ma taka ƙasa kuke yi, ƙafar ce ta fi tamu girma.”

Wannan bai hana ni rawar kai ba. Wani hutu na ɗauko tef na auna bakan gizon zaurenmu, na ƙirga azarar da ke leƙowa, na cika shafi biyu da lissafi, sannan na sanar da shi cewa bisa ƙa’ida rufin nan ya kamata a ce ya daɗe da faɗuwa. Ya ce, “To yi a hankali, kada ka faɗa da ƙarfi, shi bai sani ba.” Daga baya ne na karanta yadda ake ɗaure azara ɗaya bisa ɗaya tana tusgowa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, da yadda gara ba ta cin itacen giginya, da labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma’a na Zariya a ƙarni na 19. A littafin Bature na karanta, alhali mai bayanin yana zaune a zaurenmu yana tauna goro.

Da na gama babbar difloma na yi bautar ƙasa, albashina na farko a gaban gidanmu ya ƙare. Na sa aka kankare makubar, aka yi fulastar siminti sumul, aka shafa shuɗin fenti. Baba Tsoho ya ce katanga tana numfashi, kada na toshe mata hanci. Na ce ai an ci gaba. Damina ta farko lafiya lau. A ta biyu ruwa ya samu tsaga ya shiga bayan simintin, ya rasa ta inda zai fita, ƙasar ta jiƙe tana ruɓewa a ɓoye. Wata asuba muka ji rugugi, fulastar ta zubo falle guda, kajin maƙwabta suka watse. Kakata ta leƙo ta ce, “Angon nawa, wannan ma a Kadunan aka koya muku?” Shi kuwa bai ce uffan ba. Ya aika a kawo ƙasa.

Baba Tsoho bai ga ruwan Agustan 1988 ba, wanda ya ɓalle madatsar Bagauda ya kuma rushe gidaje a cikin birni. Lokacin an fara cike kududdufai ana yanka filaye, kuma ba zan ɓoye ba, akwai takardun da hannuna yake kansu. Namu yanzu shaguna ne, ruwan kuma yana zuwa neman gidansa duk shekara. Ganuwar da aka ce Sarki Gijimasu ya fara wajen shekara 900 da suka wuce, wadda muke hawa mu hango gonaki, ta zama guntaye a tsakanin gine-gine. An faɗaɗa ƙofofi, an ɗora gadar sama a Ƙofar Nasarawa, kuma in na bi ta kai nakan duba haɗin kankarenta da idon sana’a in ji daɗi. Wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda daga lungu zuwa Asibitin Murtala ba zai yi faɗa da faɗin titi ba.

Cikin gidan duk ya koma bulo da kwano, da rana kamar tanda. Zauren kaɗai na hana a taɓa, kuma nan kowa yake gudowa a watan zafi. Duk shekara kafin ruwa ya sauka akwai wani dattijo da yake zuwa daga ƙauye ya yi masa yaɓe. Bana da ya zo ya tsaya yana kallon katangar, ya ce, “Injiniya, ko a ɗan sa mata siminti ta huta?” Na ce a’a, ya nemo makuba. Ya ce ɗorawar da ake yin ta da ita ma yanzu sai an yi tafiya. Na ƙara masa kuɗin mota, na tsuguna na danƙi ƙasar da ya kwaɓa na matse, na buɗe hannu ina dubawa. Ya tsaya yana jiran abin da zan ce, ni kuma ina jira ya faɗa mini.